Ɗaya Cikin Ashirin da Uku

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai yi ba, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara in Allah ya ba ku. Ni dai lafiya lau, ban da gwiwar hagu da ke yi min gardama duk safiya, da kunne da ya fara nauyi.

Na san za ki juya ambulan ɗin nan ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne kawunki Mai Guga. Mahaifina da kakarki ta wajen uwa ciki ɗaya suka fito, wato ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙanwa ne. Rabona da ke tun kina rarrafe, ranar da kika jawo tulin kayan mutane da na gama gogewa kika zauna a kai. Kunya ta ishe ni, a ce shekara talatin ban neme ki ba sai yau da buƙata ta koro ni. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshin, bayan ta gama yi min tsiya son ranta. Ta ce aikinki a jami'a shi ne sanin sunan kowane ganye, wai kuna da ɗaki guda cike da busassun tsirrai a cikin kabad.

To ga abin da ke tafe da ni. Shekara huɗu ke nan da na ajiye wanki da guga, kafaɗa ta ƙi. Yanzu ni ne mai gadi da shara da ban ruwa a wata ƙaramar makarantar yara. Bara na ga wayar shingen baya ta yage, yara na leƙa titi, sai na karɓi iri cikin tafin hannu wajen wani mai sayar da shuke-shuke, na bi layin wayar na shuka. Abin ya yi kyau, wallahi. Ya wuce ciyawa, bai kai bishiya ba, tsayinsa daidai kafaɗata, ga fure rawaya, ga 'yan kwanso kamar na wake. Har Shugabar makaranta ta tsaya ta yaba.

Ran Talatar da ta wuce wata yarinya 'yar shekara huɗu ta tsinki kwanso ta tauna. Kafin a tashi ta fara amai. Aka kai ta asibiti aka ba ta magani, kwana biyu ta dawo tana tsalle-tsallenta. Amma magana ta riga ta fita, wai mai gadi ya shuka guba a makarantar yara. Shugaba ta sa na tsinke kwanson kaf na ƙone. Ta ce kwamitin iyaye zai zauna ranar rufe makaranta, saura mako biyar ba kaɗan, in ban kawo shaidar cewa itacen nan ba guba ba ne, to in nemi wani wurin. Na koma wajen mai shuke-shuken, aka ce ya tashi tun tuni. 'Yata, ina son aikin nan. A shekaruna babu mai ɗaukata wani, ni kuma ban iya zaman banza ba.

Ga ganyen nan na sa miki. Mahaifiyarki ta ce a miƙe kuke son su kuma a bushe, don haka na zaɓo masu kyau guda tara, na datse musu tsinke da almakashi, na wanke ƙura, na shimfiɗa hankici na bi su da dutsen guga, ba zafi sosai ba. Ba yabon kai ba, ko kwalar rigar alƙali ba ta fi su miƙewa ba. Wayata ba ta ɗaukar hoto, in an kira ni kuma rabin magana nake ji, shi ya sa na rubuto. Direban motar safe zai kawo miki, shi za ki ba amsa.

Kawunki,
Mai Guga

Juma'a, 7 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Yara biyu ne, duka mata, suna gaishe da kakan da ba su sani ba. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Maganar kunya kuma ka bar ta, ni ma ai ina da ƙafa ban zo ba. Labarin kayan gugar nan Inna ta ba ni shi ya fi sau goma, sai dai a nata labarin ba zama kawai na yi a kai ba.

Kawu, da na buɗe ambulan na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Shekara goma sha ɗaya ina karɓar ganye daga hannun mutane, ban taɓa ganin wanda aka yi wa wanki da guga ba. Sai da na shinshina ko ka sa sitati. Amma ka yi haƙuri, duk abin da nake nema a jikinsa shi ka gyare. Abin da ka aiko ba ganye ba ne cikakke, 'ya'yan ganye ne. Irin wannan itacen kowane ganye 'ya'ya uku gare shi a kan tsinke ɗaya, kuma yadda ukun suka zauna a kan tsinken shi ne shaidar farko, kai kuwa ka raba su da almakashi. A bayan ganyen nake duba gashi da wasu ɗigo-ɗigo ƙanana, ruwa da zafi sun tafi da su. Don Allah kada ka sake aiko min da irin wannan!

Daga bayaninka dai dangin wake ne, babu shakka. Amma dangin wake babban gida ne, akwai na kirki akwai mugu. Biyu nake zargi, kuma daga nesa kamarsu ɗaya: tsayi ɗaya, 'ya'yan ganye uku-uku, fure rawaya. Na farko wake ne da ake ci, wasu na ce masa waken turawa. Ɗanyensa kan ɓata wa yaro ciki, iyakarsa ke nan. Na biyu ana kiransa bi-rana a wasu wurare, shi kuwa ba a wasa da shi, don ba ya nuna ɓarnarsa nan take. Yaro zai yi amai ya warke ya koma wasa, alhali abin yana taɓa hanta a hankali, sai bayan makonni a gani. Ban ce shi ne ba, Kawu, ƙila na ce. Amma da 'yata ce, da na gaya wa likita ya duba jininta tun yanzu.

Ga yadda za ka yi. Ka yanko reshe daga yatsa zuwa gwiwar hannu, da ganyensa da furensa yadda Allah ya yi shi, in ka samu kwanso ko ɗaya ne ka haɗa. Kada ka wanke, kada ka datse, kada ka gyara. Ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ka kifar da ganye biyu don in ga bayansu, ka ɗora kwali, ka danne da abu mai nauyi. Dutsen guga ma zai yi, in dai babu wuta a ciki. Kullum ka canja jarida. Kwana huɗu ya isa a ɗauko.

Na ji daɗin da ka tuna da ni, wallahi na ji daɗi.

'Yarka

Laraba, 12 ga wata

Malamar Ganye,

Haka zan riƙa kiranki daga yau. Ina gaishe ku, ki shafa min kan amarena biyu, ki ce musu tsohon angonsu na nan da gemunsa fari. Gwiwa da sauƙi.

Allah ya yi miki albarka da amsa da wuri. Na karanta sau uku. Maganar guga kuwa na ci dariyar kaina ni ma, shekara arba'in ina gyara abin da mutane suka yamutsa, ashe akwai aikin da yamutsin ake so.

Sai dai na yi wauta, ko kuma ban yi ba, ke za ki faɗa. Ni ban iya ɓoye takarda ba, na kai wa Shugaba taki yadda take. Ta sa tabarau tana bi da yatsa, da ta zo kan kalmar hanta yatsan ya tsaya cak. Ta ce, "To ga shi, 'yar'uwarka ma ta ce guba ne." Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙila ta ce." Ta ce, "Baba, iyaye ba sa jin ƙila." Na kawo maganar likita, ta ce yarinya ta warke tana cin abincinta, ba za ta tayar wa gida guda hankali a kan zato ba, a jira sakamakon reshen, kuma kada in kuskura maganar ta fita daga bakina. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne ya kama ta, ita ma akwai na sama da ita.

Ta sa na ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan don kada yara su matsa kusa da shingen. Wannan ban damu ba. Abin da ya ci min rai shi ne ta ce in bar tsayawa a ƙofa lokacin da iyaye ke kawo yara, direban makaranta ya tsaya. Ina bayan ɗakin ajiya da tsintsiya ina jin muryoyinsu suna tambaya ina Baba mai gadi. Ban taɓa sanin gaisuwar yara ta zame min abinci ba sai yanzu.

Ga reshen nan. Daga wanda ya fi kowanne kyau na yanko, na tsakiya, daidai tagar aji biyu. Allah ya taimake ni na samu kwanso ɗaya da ya ɓuya a ƙarƙashin ganye ranar ƙonawa. Na danne da dutsen guga marar wuta da bulo biyu. Akwai wani ganye da ya naɗe a gefe, hannuna har ƙaiƙayi yake in miƙar da shi, na daure na bar miki shi da munin nasa.

Kawunki

Alhamis, 27 ga wata

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki, don shirun ya yi yawa. Kwana goma sha biyar ke nan. Kullum sai na tare direban motar safe, har ya fara ɗaga min hannu tun daga nesa alamar babu. Ya rantse ya ba mai gadin ƙofarku kwalin hannu da hannu.

Na sake ɗauko takardarki na karanta a tsanake, sai idona ya faɗa kan inda kika ce kada in sake aiko miki da irin wannan. Da farko na ɗauka wasa ne. Yanzu na fara tunanin ko nufinki in daina aikowa gaba ɗaya, ni kuma da kaurin kai na ƙara turo kwali. In haka ne kina da gaskiya. Mutum ya yi shekara talatin bai san kina raye ba, rana ɗaya ya ɗora miki kayansa, har ya kai takardarki ofishin da ba ki sani ba ba tare da izininki ba. Ko kuma kin duba kin ga mugun ne, kin rasa yadda za ki gaya wa tsoho. In wannan ne ki faɗa min kawai, zan iya ɗauka.

Saura kwana takwas kwamiti ya zauna. Ko ba ki amsa ba, abin da kika yi a takardar farko ya isa in gode miki. Ki yafe min in na ɓata miki.

Kawunki

Litinin, 1 ga sabon wata

Kawuna,

Innalillahi! Ka yafe ni, ni ce mai laifi. Lafiyarmu ƙalau. An tura ni daji da ɗalibai tattara tsirrai, aka ce kwana biyar, mota ta lalace, aiki ya ƙaru, sai jiya muka dawo. Yau da safe na tarar da kwalinka da takardarka ta ranar Alhamis a kan teburina, na karanta na ji kamar in nutse. Haba Kawu! Dutsen guga na hana, ba kai ba. Ko buhu za ka riƙa aikowa kullum ina so.

Ban ko cire takalmi ba na buɗe kwalin. Reshenka ya fi na ɗalibaina kyau, har ganyen da ya naɗe na gani na yi maka jinjina. Albishirinka: waken da ake ci ne. Ga yadda na gane, ina so kai ma ka gani da idonka, shi ya sa na sa maka ɗan madubin ƙara girma a cikin ambulan. Naka ne, kyauta.

Ka riƙe ganye ɗaya ka dubi 'ya'yansa uku. Biyu na gefe suna manne da tsinke, na tsakiya kuwa ya miƙa wuya ya wuce su, yana da ɗan tsinkensa na daban. A wajen bi-rana duka ukun daga wuri ɗaya suke fitowa, kamar yatsun kaza. Sai ka kifar da ganyen. Bayansa fari-fari ne da gashi mai laushi, in ka kawo madubi kusa da ido za ka ga ɗigo-ɗigo rawaya suna ƙyalli a cikin gashin. Mugun ba shi da su. Sai fure: ka buɗe shi da allura, a can ciki akwai 'yan zaruruwa goma. A naka tara sun haɗu, ɗaya ya ware shi kaɗai. A wancan duka goman a haɗe suke. Na ƙarshe kwanso. Naka shafaffe ne, da tsaga a karkace tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ƙwayoyin manya ne huɗu ko biyar. Na bi-rana a kumbure yake kamar an hura masa iska, cike da ƙananan ƙwayoyi, in ya bushe ka girgiza sai ka ji kacau-kacau.

Launin fure kada ka dogara da shi, yana yaudara. Waɗannan huɗun su ne ba sa ƙarya.

Ga takardar ofis da hatimi da sa hannun shugabanmu, tana cewa reshen da aka kawo mana na waken ci ne, ba guba ba. Ka kai wa Shugaba. Ran Juma'a ka sa rigarka mafi kyau, na san ba sai an ce maka ka goge ta ba.

'Yarka, Malamar Ganye

Asabar, 6 ga wata

'Yata,

Ina gaishe ki da yara. Lafiyata lau. Ki zauna kafin ki karanta, takardar doguwa ce.

Saƙonki ya iso ran Talata. Na karanta albishir a tsaye a bakin titi, direba na kallona ina share ido. Laraba na kai wa Shugaba takardar hatimi. Ta karanta ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ka koma ƙofarka. Zaman Juma'a shan shayi kawai za a yi." Ta sa aka kwance igiya. Ran Alhamis da safe ni na buɗe wa yara ƙofa, wani har ya rungume min ƙafa mai ciwon, ban ji zafi ba.

Da suka shiga aji na ɗauko madubinki, kamar yaro da sabon abin wasa. Na ce bari in gaishe da itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, tunda sun sha zagi tare da ni. Na fara daga kusurwar ɗakin ajiya. Kai, 'yata! Shekara guda ina ba su ruwa ban taɓa ganinsu ba. Ga na tsakiya da dogon wuyansa, ga gashin, ga ɗigon nan yana ƙyalli yadda kika ce. Na buɗe fure da allura, na ƙirga tara, ga ɗayan can ya ware kamar mai fushi da 'yan'uwansa. Ina tafe ina ƙirga itatuwan ina dariya ni kaɗai, har ashirin da biyu.

Na ashirin da uku yana can ƙarshe, bayan famfon da yara ke wanke hannu, ya cusa rassansa cikin na maƙwabcinsa har ba ka bambance su. Na kamo ganye. Ukun daga wuri ɗaya suka fito. Na ce ƙila wannan ganyen ne ya zo a haka, na kamo wani, na kamo wani. Na goge madubi da bakin riga na kifar da ganyen, babu ɗigo ko ɗaya. Na buɗe fure, goma a haɗe. Na durƙusa na laluba bayan bulon da aka ɗora tankin famfon a kai, sai ga busasshen kwanso guda, kumburarre. Na girgiza shi a kunnena mai nauyin nan, kuma na ji.

Na zauna a kan simintin famfo. Nan ne fa aka ga yarinyar tana tauna. Ranar da na tsinke kwanso cikin gaggawa da tsoro ban dubi ko ɗaya ba, a buhu kawai nake zubawa.

Ba zan ɓoye miki ba. Fartanya tana ɗakin ajiya, babu kowa a waje. Sara biyu, in cusa shi ƙarƙashin shara, shi ke nan. Takardarki gaskiya ta faɗa, ban yi wa kowa ƙarya ba, gobe in sha shayi in koma ƙofata. Na je na ɗauko fartanyar da wannan niyyar, Allah ya gani. Ina tsaye da ita aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka fito, sai ga yarinyar ta zo famfo. Ta ce, "Baba mai gadi, buɗe min." Na buɗe mata. Tana wanke hannu ina leƙen farin idonta kamar ni likita ne, ban san ma abin da nake nema ba. Na tuna cewa muddin takardar hatimin nan na hannunsu, babu wanda zai sake cewa a duba jininta.

Na sare shi har saiwa, amma ofis na kai shi. Shugaba ta dubi itacen a kan teburinta ta dube ni. Na nuna mata ganyen, na girgiza mata kwanson. Ta tashi ta rufe ƙofa ta ce, "Wa ya aike ka, Baba? Takarda na hannunmu. Ka san abin da kake yi wa kanka?" Na ce, "Na sani, ranki ya daɗe. A duba jinin yarinyar nan." Sannan ta ɗauki waya ta kira uwar da kanta, a gabana, ba ta rage komai ba, har da cewa ita ta hana a faɗa tun farko.

Jiya kwamiti ya zauna. Na tsaya da reshe biyu, ɗaya a kowane hannu, na yi musu bayani yadda kika koya min. Uban yarinyar ya miƙe, sai da aka riƙe shi, kuma ban ga laifinsa ba. Wani ya ce ko shuka shi na yi ko da kansa ya fito, ni ne mai ba shi ruwa kullum. Shugaba ta roƙa min, ba su ji ba. Aka ɗaga hannu, bakwai suka ce in tafi, biyu suka ce in zauna. Na miƙa makullai da yamma.

An ɗebi jinin yarinyar, sakamako sai mako mai zuwa. Ga reshen mugun nan na danne miki, ki duba ko na yi kuskure.

Kawunki

Talata, 9 ga wata

Kawu,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu. Na karanta takardarka a ofis na fita waje na yi kuka.

Ba ka yi kuskure ba. Bi-rana ne, duk alamun huɗu sun cika. Kuskuren nawa ne. Reshe ɗaya na nema, alhali ka gaya min layi guda ka shuka. Abin da nake koya wa ɗalibai a makon farko shi ne kada a yi wa shinge hukunci da reshe ɗaya, sai ga shi ni na manta, don ina ɗokin in ba ka labari mai daɗi. Na je na gaya wa shugabanmu da bakina.

Abu ɗaya nake so ka sani. Ƙwayar bi-rana ƙarama ce ƙwarai, ba ta kama da ta wake ko kaɗan, da tana cikin irin da ka shuka da ka gan ta a tafin hannunka. Na fi zaton da kanta ta fito, ko ruwa ya kawo ta ko tana cikin ƙasar. Ka ba ni izini in rubuta wa kwamitin haka, ko za su sake shawara. Kuma don Allah ka sanar da ni halin yarinyar da zarar ka ji.

'Yarka

Lahadi, 21 ga wata

Malamar Ganye,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, gwiwa ma ta samu hutun da ba ta roƙa ba. Ki gaishe da maigidan da amarena.

Kada ki rubuta wa kwamiti. Sun riga sun ɗauki wani, mai ƙuruciya da iyali, ba zan so a tashe shi saboda ni ba. Kuma maganar mutumin nan gaskiya ce, ni nake ba shi ruwa. Ki daina cewa laifinki ne. Reshe ɗaya na aiko, kuma mafi kyau na zaɓa, halin mai guga ne.

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina sai ga uwar yarinyar, ta sha tambaya kafin ta gano gidan. Ta gaishe ni ta zauna a kan benci. Ta ce sakamako ya nuna hantar ta taɓu, an kwantar da yarinyar kwana huɗu, yanzu tana gida, za a riƙa duba ta duk wata. Likita ya ce an zo a kan lokaci, da an jira sai abin ya nuna a jikinta da maganar ta zama wata. Ta ce mijinta bai huce ba tukuna, bai san ma ta zo ba. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, kuka ya hana ta. Da ta tashi na raka ta har bakin hanya.

Aikin dai ya tafi, kuma ba zan ce miki ba ya min ciwo ba. Ƙarfe bakwai na yi sai in ji hannuna na neman makulli. Amma ina yawan tuna wani abu. Da ba ki koya min yadda ake kallon ganye ba, da yanzu ina bakin ƙofa da aikina da takardata mai hatimi, ina buɗe wa yarinyar nan ƙofa kullum safe ina yi mata dariya, ban san komai ba. Duk lokacin da na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki naki.

Kawunki,
Mai Guga